Hoton da Aka Yanka da Ƙwaryar da Ta Fashe: Tunawa da Turjiya a Irlanda da Adar

1. Wasan da asalinsa

Akwai wani wasa da Turawa suke saya wa ƴaƴansu, manya ma suna zama a kansa da daddare lokacin hunturu. Ana liƙa hoto a kan allo ko kwali mai kauri, a yayyanka shi guntu-guntu, ɗari biyar ko dubu, kowane guntu da ƴan kunnuwansa da ramunsa, sa'an nan a zuba cikin akwati a hautsina. Aikin mai wasa shi ne ya mayar da kowane guntu gurbinsa har hoton ya koma yadda yake. A cikin wannan maƙala za a kira shi "wasan haɗa hoto", domin "wasa ƙwaƙwalwa" ya yi masa faɗi, "kacici-kacici" kuwa abin baki ne, ba ya bukatar hannu.

Asalin wasan taswira ce. Wajen 1766 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya liƙa taswirar ƙasashen Turai a kan katako, ya bi iyakokin sarautu da zarto ya rarraba su, don ƴaƴan masu hali su koyi labarin ƙasa da hannunsu. Daga baya aka shiga yanka hotunan sarakuna da na yaƙe-yaƙe. Da injin yanka kwali ya sa abin ya yi araha a ƙarni na 20, sai ya shiga gidan talaka. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a kan murfin akwatin akwai hoton a cike. Mai wasa ba ya neman sanin abin da zai fito, ya riga ya gani. Babu guntun da ya ɓata, babu kuma baƙon guntu da ya shigo daga wani akwati.

Maƙalar za ta duba yadda mutanen Irlanda suka mai da tarihin neman ƴancinsu irin wannan hoto, sa'an nan ta tambaya ko za a iya yin haka da tarihin zuwan Nasara a gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa, wato gabashin Adar da Gobir Tudu. Dalilin haɗa ƙasashen biyu ba nisa gare shi ba: shekara guda, 1916, ta gan su duka da makami a hannu, kowace tana fuskantar daular da ke mulkinta, alhali daulolin biyu suna can sun duƙufa cikin yaƙin duniya na farko.

2. Hoton Irlanda

Ran Litinin ta bikin Ista, 24 ga Afrilu 1916, ƴan tawaye suka kama babban gidan waya na Dublin da waɗansu gine-gine, Patrick Pearse ya tsaya a ƙofa ya karanta takardar shelar jamhuriya, wadda mutum 7 suka sa wa hannu. Ran 29 ga watan suka miƙa wuya. Tsakanin 3 da 12 ga Mayu Ingilishi suka harbe mutum 15 daga cikinsu, har da James Connolly, wanda aka ɗaure a kan kujera don raunin da ya ji ya hana shi tsayuwa. Roger Casement kuma aka rataye shi a Landan ran 3 ga Agusta. Kisan nan shi ya juya zukatan jama'a. A zaɓen Disamba 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujera 73 cikin 105 na Irlanda; yaƙin sunƙuru ya biyo baya daga 1919 zuwa Yuli 1921, aka sa hannu a kan yarjejeniya ran 6 ga Disamba 1921.

Hotunan da ake yankawa a sayar a matsayin wasa daga wannan tarihi ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne: takardar shelar da manyan baƙaƙenta, fuskokin mutum bakwai ɗin, gidan waya yana cin wuta, Michael Collins cikin kayan soja. Akwai wani sanannen zane na Walter Paget da ke nuna cikin gidan wayar, Connolly yana kwance a kan makara, hayaƙi ya turnuƙe. Mai zanen kuwa ɗan Ingila ne.

Abin da murfin akwati ya bari a waje ya fi abin da ya ɗauka. Cikin mutum 485 da aka lissafa sun mutu a makon nan, fiye da rabi farar hula ne, har da yara 40. Lokacin da ake wucewa da kamammun ƴan tawaye, waɗansu matan Dublin sun yi musu ature, don mazansu suna fagen fama cikin rundunar Ingila tare da ƴan Irlanda kimanin 200,000 da suka yi yaƙin duniya. Yarjejeniyar 1921 ta bar larduna 6 cikin 32 a hannun Ingila, ta kuma haifi yaƙin basasa daga Yuni 1922 zuwa Mayu 1923. Collins da ke cikin hoton, ƴan'uwansa na jiya ne suka harbe shi ran 22 ga Agusta 1922. Ko hoton miƙa wuyan Pearse sai da aka taɓa shi. Wata mai jinya, Elizabeth O'Farrell, ita ta fita da farar tuta, tana kuma tsaye a gefensa sa'ad da aka ɗauki hoton, ƙafafunta kaɗai suka fito. Da aka buga shi a jarida sai aka goge ƙafafun.

Duk da haka Irlanda tana da hujjar yin hoto guda: akwai rana, akwai gini, akwai takarda, akwai kuma ƙasa mai cin gashin kanta da ta fito daga baya ta ce wannan ne mafarinta. Tambayar ita ce ko Adar tana da irin waɗannan.

3. Da'irar Sakkwato

Kafin a zo ga yaƙi, ƙasar da kanta aka fara yankawa, kamar yadda Spilsbury ya yi wa katakonsa. Ran 14 ga Yuni 1898, a Paris, Faransa da Ingila suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba abin da ke tsakanin Kwara da tafkin Cadi. Cikin abin da suka shirya har da gefen wata da'ira mai cibiya a birnin Sakkwato, nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160: abin da ya faɗa ciki na Ingila, abin da ya faɗa waje ta arewa na Faransa. Wanda ya auna a taswirar yau zai ga Birnin Ƙonni tana ciki, Madawa ma tana ciki, Buza ta tsallake da ƙyar, Keita da Tamaske da Tawa suna waje. Ke nan layin ya ratsa tsakanin Madawa da Buza, ya raba kwarin Majiya biyu. A lokacin kuwa babu sojan Ingila ko ɗaya a Sakkwato. Sai ran 15 ga Maris 1903 suka shige ta.

Wannan da'ira ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Faransawa suna riƙe da bakin Kwara, tun 1899 kuma suna da bariki a Damagaram. Hanyar da ke da ruwa da hatsi tsakanin wuraren biyu ta faɗa hannun Ingila a takarda. Ayarin Voulet da Chanoine bai kula da takardar ba, ya bi ta Lugu a watan Afrilu 1899, ya ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu da kisan da har yau ba a manta ba. Amma da aka kafa Yankin Soja na Uku a 1900 ƙarƙashin Laftanan-kanal Péroz, dole ayarin kaya ya kewaya ta Filinge da Tawa, ta ƙasar da rijiyoyinta suke nesa da juna. Don haka abin da ya kawo Nasara Adar da fari bukatar hanya ce, da rijiya, da gero, da raƙuma. Raƙuman kuwa suna hannun Kel Geres.

An gyara layin daga baya, da yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ta 29 ga Mayu 1906, Ƙonni da Madawa da Tibiri da Maraɗi suka koma ɓangaren Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 wata hukuma ta bi ƙasa ta kafa turaku 148 daga Kwara zuwa Cadi. Shugabanta ta wajen Faransa Kaftin Tilho ne. Ta wajen Ingila kuwa Manjo O'Shee ne, ɗan wani gidan masu ƙasa na lardin Waterford a Irlanda. Wannan ma wani guntu ne da ba a sa shi cikin akwatin Dublin ba: ƴan tsibirin da ake mulka sun yi wa daular aikin auna ƙasashen waɗansu.

4. Zangebe da Galma

Tarihin Adar kafin Nasara ya samu masu bincike na ƙwarai. A 1975 jerin Études Nigériennes ya fitar da littafin Djibo Hamani a kan Adar ta kafin mulkin mallaka, da na Nicole Echard a kan yadda manoman Adar suke riƙe da labarin da. A taƙaice, Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ƙwace Adar daga hannun Kabi wajen 1674, zuriyarsa ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Cikin ƙabilun Abzinawa da suka rako shi akwai Lisawan. A ƙarni na 18 Kel Geres suka sauko daga Abzin suka zauna tsakanin Adar da Gobir. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, sarautar Illela suna ya rage mata: arewa tana ƙarƙashin Iwillimmidan Kel Dinnik, kudu tana ƙarƙashin tamburan Kel Geres, garuruwan manoma suna ba wannan ko wancan hatsi don a bar su su yi noma.

Da Kumandan Gouraud, wanda ya kama Samori a 1898, ya zauna a Tawa, Lisawan ƙarƙashin Amattaza su ne suka fara shiryawa da shi. Dalilinsu a fili yake: sun daɗe a matse tsakanin manyan maƙwabta biyu, sai ga mai ƙarfi na uku ya zo. Kel Geres suka ƙi. Aka kara a Zangebe cikin Afrilu 1901, aka sake karawa a Galma cikin Yuni, inda mahaya da takobi da mashi da garkuwar fata suka auka wa bakin bindiga, aka yi musu ɓarna mai yawa. Kafin shekarar ta fita suka sa hannu a kan takardar miƙa wuya a Tamaske. Galma tana cikin gundumar Madawa ta yau, wato bisa takardar 1898 an yi wannan yaƙi ne a ƙasar da Faransa da kanta ta yarda ta Ingila ce.

In da za a yi wa Adar wasan haɗa hoto, ba shakka Galma mai zane zai zaɓa: ƙura, raƙuma, rawani, takobi a zare. Ba zai yi ƙarya ba, don jarumtar gaskiya ce, kuma waɗanda suka faɗi a ranar sun faɗi ne suna hana baƙo shiga ƙasa. Sai dai abin da suke karewa ya haɗa da ikon karɓar hatsi daga garuruwan Majiya, da fataucinsu tsakanin Abzin da Sakkwato da Kano, da bayin da ke yi musu noma da kiwo. Manomin da ke tsaye a bakin gonarsa yana hangen ƙurar, ba lalle ne ya ɗauka yaƙinsa ake yi ba. Haka kuma ba a ce ya samu sauƙi da Nasara ya ci ba. Hatsin da yake kai wa tambari ya koma lanho, aka ƙara masa da ɗaukar kaya da aikin hanya da ginin bariki, a Gidan Bado da Buza da Madawa, da bulalar gardi a bayansa. Dokar Disamba 1905 ta hana cinikin bayi a Afirka ta Yamma ta Faransa, amma a ƙasar makiyaya kumandodi sun kau da kai, don da iyayengiji suke mulki. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 a kan yankin Keita, ta bi sawun wannan al'amari tun daga 1800 har zuwa zamanin babban aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984.

Maganar ba ta zama tatsuniya ba tukuna. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bautarwa laifin da ake hukuntawa, kuma ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke wa gwamnatin Nijar hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a cikin wannan jiha ta Tawa. Jikan tambari da jikan bawansa da jikan manomi suna zaune a kan benci guda a lakwal ta Galma ko ta Arzarori. Hoton da za a ba su su haɗa, na wane ne cikinsu?

A nan ne misalin Turawa ya gaza, na gida ya fi dacewa. Guntun wasa da gangan aka yanke shi don ya koma. Sakaina kuwa faɗuwa ƙwarya ta yi: wani yanki ya tafi da shara, wani kaza ta sha ruwa a ciki shekara da shekaru har bakinsa ya cinye, wani ma daga ƙwaryar maƙwabta ya fito. Gyartai ba ya da hoton murfi. Yana gwada baki da baki, ya huda, ya ɗinka, ɗinkin kuma yana nan a fili kowa yana gani.

5. Shekarar 1917

Tsakanin Galma da yaƙin duniya abubuwa sun taru. Tashin Kobkitanda da na Karma a yamma, da na Satiru kusa da Sakkwato a 1906, an murƙushe su, Faransa da Ingila suna taimakon juna. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Ƙaƙalaba, ta ci mutane da dabbobi, ba a kuwa daina karɓar lanho da raƙuma ba. A watan da aka tashi a Dublin, Afrilu 1916, Firhun na Iwillimmidan na yamma ya auka wa Filinge. A watan da ake harbe su Pearse aka karya rundunarsa a Andarambukan. Cikin Disamba 1916 Kawsan, da goyon bayan Sanusiyya da na Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye barikin Agadas, ba a buɗe shi ba sai ran 3 ga Maris 1917. Abin ya tsorata Nasara har Ingilishi suka turo soja daga Nijeriya suka tsallako iyakar da O'Shee ya kafa wa turaku, don su tsare wa Faransawa baya.

Yadda wannan tashi ya iso gabashin Adar shi ne abin lura. A 1917 mahaya daga arewa suka faɗa wa Keita, wadda Faransawa suka mai da mazaunin kanto a 1913 a hannun Lisawan, suka washe garin, suka kashe mutane, har da sarkin kanton, Afadandan. A idon ƴan tawaye, hukuncin wanda ya bi Nasara ke nan. A idon mutanen garin, abin da kakanninsu suka sani ne ya komo. A cikin Afrilu na shekarar kuma, Kaftin Sadoux ya sa aka kashe manyan mayaƙan Kel Dinnik da yawa a wata rijiya ta Azawak mai suna Tanut, kisan da ya karya gidan sarautarsu. Alhurer, shugabansu da ya bi Kawsan, ya mutu a 1918. Aka rataye Kawsan a Murzuk cikin Janairu 1919. Aka kashe Tagama a kurkukun Damagaram a 1920.

Ga gawa biyu ke nan a shekara guda, a ƙasa guda, ta Keita da ta Tanut, kuma babu murfin akwatin da zai ɗauke su tare ba tare da ya mai da ɗaya shahidi ɗaya maci amana ba. Littattafan makaranta sun zaɓi Kawsan, suna da dalilinsu, amma yaron Keita da aka ce ya haddace sunan, yana iya jin wani labari dabam in ya koma gida.

6. Abin da kalmomi suka ajiye

Mafi yawan abin da aka rubuta a lokacin da Faransanci yake, yana ajiye a Yamai da Dakar da Aix-en-Provence da Vincennes. Gouraud kuma ya buga tunaninsa a 1944 da sunan Zinder-Tchad. Duk maganar da aka yi a Tamaske ta bi ta bakin tafinta kafin ta hau takarda. Kalmar da takardun suke maimaitawa, soumission, Hausa tana da aƙalla huɗu a gurbinta, kuma ba ɗaya suke ba. "Miƙa wuya" na wanda aka ci da yaƙi ne. "Mubaya'a" ta addini ce, ana yi wa Sarkin Musulmi. "Biyayya" ta bara ce ga ubangidansa. "Amana" kuwa alkawari ne mai ɗaure ɓangare biyu, mai ƙarfi ya tsare, mai rauni ya biya, kuma irinta ce garuruwan Adar suka saba ƙullawa da Abzinawa. Wanda ya ba da amana, in aka ƙwace masa raƙuma fiye da kima, a ganinsa ɗaya ɓangaren ne ya warware ta. Kumandan kuwa zai rubuta cewa ya yi tawaye.

Haka abin yake ga 1917. "Tawaye" da "bore" kalmomin mai mulki ne, suna ɗauka tun farko cewa akwai halattaccen iko da aka fita daga ƙarƙashinsa. "Jihadi" kalmar Sanusiyya ce. "Hari" shi ne sunan abin da mai rumbu ya gani. Mai fassara da ya zaɓi ɗaya ya riga ya yanke hukunci.

Sunayen mutane ma haka. Rahoton Faransanci yana cewa Touareg ya haɗa kowa. Bakano yana cewa "Buzu" shi ma ya haɗa kowa. A Adar kuwa kalmar Buzu, jam'i Buzaye ko Bugaje, ta fi karkata ga waɗanda asalinsu bayin Abzinawa ne, don haka jimla guda, "Buzaye sun yaƙi Nasara", ma'anarta a Kano dabam, a Buza dabam. Ga kuma shaidar daɗewar cuɗanya: "takobi" na Hausa da takoba na Tamajak kalma ɗaya ce, "tambari" da ettebel duka daga ṭabl na Larabci suka fito, ganga ta zama sunan mai gangar. Zamanin Nasara ya bar nasa tarkace a bakin mutane: lanho daga l'impôt, kaso daga cachot, kanto, kumandan, gardi, lakwal. Mai karatu zai lura cewa, in aka cire ta ƙarshe, dukansu na karɓa ne da tsarewa. "Bariki" da "soja" kuwa daga Ingilishi suka zo, suka tsallako turaku 148 ba wanda ya tambaye su takarda. Hausar yankin da kanta, mai "munka" da "sunka" da "tahi", Bernard Caron ya bayyana nahawunta a 1991, kuma duk wanda zai rubuta labarin baka na Adar da daidaitacciyar Hausa ya san yana goge wani abu, kamar ƙafafun matar nan ta Dublin.

7. Madawa, bayan shekara arba'in

Akwai wata sakaina da ta fi kusa da abin da Irlanda take nufi da neman ƴanci, ita ce kuwa aka fi daɗewa ana ɓoyewa. Bayan dokar 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin tilas, siyasar jam'iyyu ta shigo. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga zama cikin tarayyar Faransa, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959. Ɗaya daga cikin manyan jagororinta, Usman Ɗan Galadima, mutumin Madawa ne, yana kuma cikin waɗanda suka shirya shigowar ƴan Sawaba da makamai ta kan iyaka a Oktoba 1964. An murƙushe su, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai. Shi kansa ya yi shekaru a kaso, bai fito ba sai bayan juyin mulkin 1974. A nan ma, kamar Collins da abokansa, ƴan ƙasa ne suka harbi ƴan ƙasa, tutar 3 ga Agusta 1960 tana sama. Sai a 2013 Klaas van Walraven ya fitar da cikakken tarihin ƙungiyar, mafi yawansa daga bakin tsofaffin da suka rage. Sunan da suka zaɓa ma abin dubawa ne: "sawaba" sauƙi ne bayan wuya, irin wanda mai kaya yake ji in ya sauke, kuma talaka ya fi gane shi da "ƴancin kai".

Nijar ta riga ta fara zaɓen hotunan murfinta. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun ɗaga Sarauniyar Lugu daga labarin yanki zuwa alamar ƙasa. A Oktoba 2024 aka cire sunan de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa na Djibo Bakary. Ƙasa ba ta rasa bukatar irin wannan, kuma babu laifi yaro ya san fuskar waɗanda suka ƙi. Amma Irlanda da ta sayar da hoton, ta yi wani aiki a bayan fage wanda ya fi shi daraja. Daga 1937 zuwa 1939 hukumar adabin baka ta ƙasar ta sa yara fiye da 50,000 a makarantu 5,000 su je wurin tsofaffin garinsu su rubuto abin da suka ji, da sunan gona da na rijiya. Daga 1947 zuwa 1957 kuma wani ofishi na soja ya karɓi shaidar mutum 1,773 da suka ga abin da ya faru tsakanin 1913 da 1921, aka kulle har 2003. Da irin waɗannan shaidu ne manazarta suka mai da mata da farar hula cikin labarin. Cibiyar tattara labarin baka da aka kafa a Yamai a 1968 ta zo a kan kari: a lokacin, wanda yake ɗan shekara 20 ran da aka auka wa Keita yana da shekara 71, ana iya zama da shi a zaure. Yau sai jikoki, abin da suka ji kuma ya riga ya gauraya da abin da mushe ya koya musu.

Aikin da ke gaban masu nazarin harshe tun kafin na masu tarihi shi ne daidaita sunaye, don baki ba ya haɗuwa da baki in ba a san daga ƙwarya ɗaya suke ba. Gari guda yana fitowa a takardu da Thaoua da Tahoua, mutanensa suna cewa Tawa. Gidan Bado ya zama Guidambado. Ƙabila guda ita ce Oulliminden a wannan rahoto, Aouellimiden a wancan, Ioullemmeden a littafin Francis Nicolas na 1950. Tanut kuwa a Tamajak "ƴar rijiya" take nufi, wurare da yawa suna amsa sunan, don haka mai karatun da ya ga "kisan Tanut" yana iya kai shi Damargu, arewa da Damagaram, alhali a Azawak aka yi shi, tafiyar kwanaki zuwa yamma.